Kafin ki yi zancen raɗa mata suna, ki fara adana ta

'Yar'uwa, tambayarki ta fama min tsohon miki. Kin ce kin samo bakteriya a bakin kare, MALDI-TOF, na'urar da ke gane bakteriya daga furotin ɗinta, ta kasa gane ta, gwajin 16S (wani ɓangaren DNA da ake kwatanta bakteriya da shi) ya ba ki kamanni kashi 98.2 da jinsin da ya fi kusa da ita, ko sabon jinsi ce? Ni ma haka na fara.

Yau ɗin nan ki raba ta cikin gilisarol, ruwan da ke kare ta daga lalacewa in ta daskare, ki sa a firiza biyu daban-daban. Ni kwalabe huɗu na yi, duk a kwali ɗaya. Tawa mai tsirfa ce, sai a farantin jini da CO2 take tsirowa, wata tara ina lallaɓa ta. Wani babba a ɗakin gwajinmu yana neman wuri a firiza mai sanyin digiri -80, ya fito da kwalina ranar Juma'a, ya ɗora kan benci, ya yi tafiyarsa. Litinin na tarar kwalin ya jiƙe sharkaf, tawadar rubutuna ta zube. Na shafa a faranti goma sha biyu, kwana bakwai ina leƙawa safe da yamma kamar mai jinya. Ko ɗigo. Da na yi masa magana, wai "ai sai ki samo wata". Wata! Karen ma ban san inda yake ba. Ko haƙuri bai ba ni ba, har yau tsakaninmu sai gaisuwa.

Kashi 98.2 yana ƙasa da 98.7, iyakar da ake fara zaton sabon jinsi in an gaza kai ta, don haka akwai alamar haske, amma kar ki saki jiki da 16S. Ki tuna bakteriyar nan Staphylococcus pseudintermedius: shekaru ana kiran ta S. intermedius a karnuka, sai 2005 aka raba su, 16S ɗinsu kuwa kusan ɗaya ne. MALDI-TOF kuma abin da aka loda mata kawai ta sani. Ki karanta jinom ɗin, wato DNA ɗinta gaba ɗaya, ki gwada ANI (ma'aunin kamannin jinom biyu) da ainihin samfurin dangin da suka fi kusa, in ya faɗo ƙasa da kashi 95 sai mu yi magana.

Af, ki riƙa sa safar hannu, don Capnocytophaga canimorsus, wata bakteriyar bakin kare, tana iya jawo wa mutum mummunar cuta.

Mujallar IJSEM, wadda ke tantance sunayen sababbin bakteriya, ba ta tabbatar da suna sai an ajiye ƙwayar da ranta a ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu, irin su DSMZ a Jamus da CCUG a Suwidin. Ki fara cike takardunsu tun yanzu, suna cin lokaci. Ni sakamakon 16S ɗina yana nan a kwamfuta, na kasa gogewa.