Agogona ya ce 56, nas ta ce 80, wa zan yarda da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi irin agogon nan na motsa jiki, kullum sai ya nuna min wai bugun zuciyata na lokacin hutu 56 ne a minti ɗaya, amma da na je asibiti nas ta auna ta ce 80. To agogon ne ke min ƙarya ko zuciyar tawa ce da matsala? Wai ma ta yaya abu a tsintsiyar hannu zai san me ake ciki a ƙirji? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki, mai yiwuwa ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kawai dai ba abu ɗaya suka auna ba.

Juya agogon ki kalli bayansa, za ki ga wata 'yar koriyar fitila tana ta ƙiftawa. Shi jini yana shanye koren haske, to duk sanda zuciya ta buga jini ya cika jijiyoyin hannu sai hasken da ke dawowa daga fata ya ragu, in ta saki kuma ya ƙaru, akwai wata 'yar na'ura a gefen fitilar da ke karanta wannan hawa da saukar, daga nan agogon ke ƙirga bugun. Kin ga kenan ba zuciyar yake saurara kai tsaye ba. Masu karanta ainihin lantarkin zuciya su ne na'urar ECG ta asibiti da bel ɗin nan da 'yan gudu ke ɗaurawa a ƙirji.

Shi kuma adadin hutun nan lissafi ne fa, kuma kowane kamfani da nasa salon. Garmin na ɗaukar minti 30 ɗin da bugun ya fi yin ƙasa cikin awa 24, wanda yawanci sai kina sharar barci ake samunsa, Fitbit kuwa yana haɗa na barci da na lokacin da kike zaune shiru. Ita nas ta same ki ne bayan kin sha tafiya kin sha layi, ga ɗan fargaban asibiti, ai dole ya hau.

Maganar inganci kuma, in kina zaune ko kwance agogunan nan suna ƙoƙari sosai gaskiya. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada guda 7, 6 daga ciki kuskurensu a bugun zuciya bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma a lissafin kalori, wato ƙarfin da jiki ke ƙonawa, ko ɗaya bai taɓuka abin kirki ba, ni kam wannan ɓangaren ban cika ɗaukarsa da muhimmanci ba. Inda suke rikicewa shi ne in hannu na ta motsi, ko maɗaurin ya yi sako-sako, ko ana sanyi jini ya ja baya daga fata, ko akwai zanen tatu a wurin. Ki ɗaura shi sama kaɗan da ƙashin tsintsiya ya zauna daram amma kar ki matse.

Kina iya gwada shi da kanki ma. Da safe kafin ki sauko daga gado ki ɗora yatsu biyu a tsintsiya ta ƙasan babban yatsa, ki ƙirga na sakan 30 ki ninka biyu, sai ki duba me agogon ke nunawa a daidai lokacin.

Ga manya 60 zuwa 100 shi ne daidai, amma masu yawan motsa jiki da mai barci sukan sauka ƙasa da haka lafiya lau. Abin da na fi so ki sa wa ido shi ne yadda adadin ke tafiya mako-mako, in kin saba ganin 56 sai ya koma 68 ya ƙi sauka to ana iya samun zazzaɓi ko ƙarancin barci ko damuwa a ciki. In kuwa yana wuce 100 alhali kina zaune, ko ya yi ƙasa tare da jiri, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko suma, kar ki tsaya kallon agogo, ki je ki ga likita a ranar.