Kada ki jira rahoton bincike kafin ki nemi haƙƙinki

Tambaya: Barista, maigidana ya rasu wata 14 da suka wuce a wani ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya da wurin aikinsu ya ɗauko shata. An ce injin ne ya mutu jim kaɗan bayan sun tashi. Masu jirgin sun ce mu jira rahoton hukuma tukuna. Ya bar ni da yara 4. Mene ne mafita?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙansa da rahama, ya raya abin da ya bari. Maganar nan ta "ku jira rahoto" ita ta fi tayar min da hankali, domin jiran zai iya cinye miki haƙƙi gaba ɗaya.

Dokar sufurin jiragen sama ta Najeriya ta 2022 ta ɗauki ƙa'idojin yarjejeniyar Montreal ta 1999, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan diyyar fasinjojin jirgin sama, kuma a cikinsu shekara 2 kacal aka ba iyalan fasinja su shigar da ƙara a kan mai jirgi. Idan wa'adin ya cika, haƙƙin ya faɗi, ko da gaskiyarki ta kai hasken rana. Ke kuwa wata 10 suka rage miki. Hukumar binciken haɗurra ta NSIB, wadda ta gaji AIB, ba da wannan wa'adi take aiki ba. Ki tuna jirgin Dana da ya faɗi a Legas ranar 3 ga Yunin 2012 bayan injinansa biyu sun daina aiki, da mutum 153 a ciki. Sai a 2017 cikakken rahoto ya fito. Kuma ko ya fito gobe, ba hukunci ba ne: ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ita ce ana binciken ne don hana aukuwar irinsa, ba don ɗora wa wani laifi ba.

Sannan kada kalmar "inji ya mutu" ta rufe miki baki. Inji ba ya mutuwa haka kawai. Ko dai mai ya ƙare saboda ba a yi lissafi daidai ba, ko ruwa ya shiga tankin, abin da matuƙi kan gano idan ya tsiyayi man a ɗan kofi mai garai-garai kafin tashi, sai ya ga ruwan ya kwanta a ƙasa. Ko makaniki ya bar wani bututu a kwance, ko an wuce sa'o'in da aka ƙayyade a kwance injin a duba shi, ko kuma aibin daga masana'anta ne. Kowane dalili da wanda zai amsa shi: mai jirgi, kamfanin gyara, mai sayar da mai, ko maƙeran injin.

Akwai kuma abin da matuƙi ya yi bayan mutuwar injin. Ƙaramin jirgi ba ya rikitowa kamar dutse, yana iya lilo a iska har ya sauka a gona ko fili. Abin da ake koya wa matuƙa shi ne su sunkuyar da hancin jirgin, su nemi fili a gabansu. Sau da yawa ajali na zuwa ne idan aka yi ƙoƙarin juyawa zuwa filin jirgi alhali ba a yi sama sosai ba: gudu ya ragu, fukafukai su kasa ɗauka, jirgin ya kife.

Sauƙin da doka ta yi miki shi ne ba sai kin tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tunda fasinja ne a jirgin haya, mai jirgi ba shi da hanyar zillewa diyyar asarar da kika nuna har dala dubu 100 a tafiyar cikin gida. Abin da ya haura haka, shi ne zai kawo hujjar cewa ba sakacinsa ba ne. Doka ta kuma wajabta masa biyan aƙalla dala dubu 30 cikin kwana 30 da haɗarin, don buƙatun gaggawa, a cire daga diyyar ƙarshe. Ba ki ambaci an ba ku ba. Idan ba a bayar ba, wannan ne farkon abin da lauyanki zai nema a rubuce.

Da yake a bakin aiki ya rasu, mai yiwuwa kuna da wani haƙƙin a asusun inshorar ma'aikata na NSITF ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Amma ki bari lauya ya auna miki tukuna, domin karɓar wannan na iya shafar wata ƙarar.

Ƙarar jirgin sama Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraronta. Kotun shari'ar Musulunci za ta shigo ne wajen tantance magada da raba abin da aka samu, don haka ki zauna da iyayensa da 'yan'uwansa tun yanzu, ku zama murya ɗaya.

A wannan makon ki tattara takardar shaidar rasuwa, takardar aure, takardun haihuwar yara, takardun albashinsa da rasitan kuɗin makaranta, domin da su ake auna asara. Idan wakilin inshora ya zo da takarda yana cewa ki sa hannu a ba ki kuɗi, ki karɓi kwafi ki kai wa lauyan da ya san harkar jiragen sama, kada ki sa hannu sai ya karanta miki ita layi-layi.