Wuƙar Bafaranshe da ka raina

Ɗana, jiya bayan direban nan ya karɓi wuƙarsa ya tafi ka ce da ni, "Maigida, wannan ƙotarta katako ne kawai, ruwanta ya yi baƙi, ko sifirin babu a bayanta. Me ya sa yake ji da ita haka, har kai ma ka hana ni ɗora ta a injin washi?" Lokacin ƙarfe na wuta, kuma da zafi-zafi akan buge shi, shi ya sa ban tanka maka ba. Yanzu ga amsarka.

Sunan wuƙar Opinel, sunan gidan da ke ƙera ta ne. Mutanen Savoie ne, wani yanki na Faransa cikin tsaunukan Alps, kusa da iyakar Italiya. Kuma 'yan gidanmu ne, maƙera. Uban, Daniel Opinel, kayan yanka yake ƙera wa manoma, irin su lauje da adda. Ɗansa Joseph ne ya fito da wannan wuƙar naɗewa a 1890, yana ɗan shekara 18, wato bai fi ka da komai ba. Ba don masu kuɗi ya yi ta ba. Makiyayi da manomi ya yi wa, mutumin da zai yanka burodi da cuku da rana, ya yanke igiya da la'asar, ya fere sanda kafin magariba, duk da wuƙa ɗaya. 'Yan koli ne suka riƙa yawo da ita ƙauye-ƙauye tana shiga hannun mutane. A 1897 ya jera ta girma 12, daga lamba 1 zuwa lamba 12. Wadda ka riƙe jiya lamba 8 ce, tsawon ruwanta santimita 8 da rabi, ita ce aka fi sani.

Da ka goge baƙin nan da ɗan yatsa da ka ga tambari kusa da gindin ruwan: hannu ne da yatsu uku a miƙe, da kambi a samansa. A 1909 aka yi masa rajista. Hannun daga tambarin garin Saint-Jean-de-Maurienne aka ɗauko shi. Yau masana'antar tana Chambéry.

To, mu koma kan abin da ya shafe mu. Ƙirga kayan da ke jikinta. Ruwa, ƙota, zoben ƙarfe da ya ɗaure wuyan ƙotar, ƙusa ɗaya da ruwan ke juyawa a kanta, sai zobe na biyu mai juyawa a bisa na farko. Biyar ke nan. Asalinta ma huɗu ne, na biyar ɗin Marcel Opinel ne ya ƙara a 1955, suka sa masa suna Virobloc. Ka buɗe wuƙar, ka murɗa zoben, sai ya toshe tsagar, ruwan ba zai naɗo ya sare maka yatsu ba. A 2000 suka gyara shi yadda zai kulle ta ko tana rufe. Ƙanana, waɗanda ba su kai lamba 6 ba, ba a sa musu shi.

Ka ce babu sifirin kamar wani aibi ne. To me ke riƙe da ruwan idan an buɗe? Katakon ne da kansa. An tsaga shi daidai kaurin ruwan, yana matse shi ta gefe biyu. In tsagar ta yi faɗi, ruwan ya riƙa lilo kamar haƙorin tsoho. In ta yi ƙunci, sai ka karya farce kafin ta buɗe. Tsakanin waɗannan biyun ɗan wuri ne ƙanƙani, kuma nan gwanintar take, don a fitar da dubbai kowace ta faɗa daidai wurin ba wasa ba ne. Kai da har yanzu ƙotar lauje ɗaya sai na sa ka sake ta sau biyu, ka san abin da nake nufi.

Amma katako katako ne, yana shan iska. Irin wanda suka fi amfani da shi suna ce masa hêtre, mai haske ne, ba shi da nauyi, kuma da ya ji danshi sai ya kumbura. Da damina za ka ga wuƙar ta cije ta ƙi buɗuwa, da hunturu ta saki. Mutanen Savoie suna da dabararsu: ka riƙe ta a rufe ta wajen zoben, ka ƙwanƙwasa ƙarshen ƙotar a kan teburi, sai tsinin ya leƙo ka kama. Kada ka taɓa sa awartaki ka fizgo ruwan. In ta matsa ƙwarai, a ajiye ta wuri busasshe kwana biyu. Wannan rauninta ne na gaskiya, ba zan ɓoye maka ba, ba wuƙar da za a jiƙa cikin kwanon wanke-wanke ba ce.

Baƙin da ka gani kuwa ba tsatsa ba ne. Iri biyu suke yi, akwai mai ƙarfen da ba ya tsatsa, akwai mai ƙarfen kabon, wanda ake kira XC90, kabon ɗinsa ya kusa kashi 1 cikin 100. Ta direban mai kabon ce. Da ta yanka albasa ko lemon tsami sai fuskarta ta yi toka-toka, a hankali ta koma baƙi, kuma wannan baƙin har kare ta yake ɗan yi. Jan nan mai gari-gari shi ne tsatsa, shi ake gogewa a shafa mai. Ni dai mai kabon na fi so, tana ɗaukar kaifi da wuri, dutse sau kaɗan ta dawo. Wanda aikinsa kifi ne ko ɗanyen nama kullum, ya sayi ɗayar, babu laifi.

Yanzu maganar inji. Ruwan nan siriri ne, kuma an wasa shi da ɗan tudu daga baya zuwa baki, shi ya sa yake ratsa abu ba ya maƙalewa. Ƙarfe siriri ba ya jure zafi. Ina kamar shekarunka wani baƙo ya kawo irinta, na ɗora a dutsen inji ina jin kaina gwani. Kafin in ankara bakin ya yi shuɗi daga tsini zuwa tsakiya. Shuɗin nan yana nufin taurin da aka ba ƙarfen ya tafi. Na wasa, ta yi kaifi, ya yanka igiya sau uku ta dakushe. Marigayi maigidana bai zage ni ba, cewa ya yi in biya daga kuɗin abincina, sai da na yi sati ina shan koko babu ƙosai. Dutsen hannu da ruwa kawai take so, ka kwantar da ita ƙasa-ƙasa, ka ƙarasa a bayan tsohuwar fata.

Kada kuma ka rikita ta da wata 'yar Faransa da ake kira Douk-Douk, wadda gidan Cognet ke yi a garin Thiers tun 1929. Ita ƙotarta falle ne na ƙarfe da aka naɗe, tana da sifirin mai ƙarfi, kuma ta yaɗu sosai a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka. Har akwai samfurinta mai suna El Baraka da aka zana wa tambarin Agadas a jikin ƙota. In ta zo hannunka ka kula da yatsunka wajen rufewa, ba ta sallama.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da guntun sifirin ɗin motar nan da ke bayan zuga-zugi, da ɗan busasshen icce mai tauri. Ruwan ni zan buga maka. Tsagar ƙotar kai za ka yi, kuma ka tanadi icce ya kai uku, don na farko ba zai tsira ba.