Jakar gaban keke ba buhu ba ce

Jiya ka tambaye ni, "Maigida, me ya sa ka kwance jakar da na ɗaura wa mai keken tafiyar nan, bayan na matse ta tam, na girgiza ba ta motsa ba?" Lokacin mai keken na tsaye, shi ya sa na ce ka bari sai yau. Matso nan, yaro, ka gani da idonka.

Ba ta motsa ba don babu komai a cikinta, keken kuma a jingine yake. Kan keke mulmulallen ƙarfe ne, mariƙin jaka rungumarsa kawai yake yi. Zuba mata kilo uku ka hau hanyar burji mai gargada, kowane rami sai ya ɗan sunkuyar da ita, kafin azahar gindinta na gugar taya. Siririyar wayar nan da ka bari a leda kana zaton rara ce, ita ce ke hana haka. A mariƙin KLICKfix, wanda kamfanin Rixen & Kaul na Jamus ke yi, wayar na hawa ta saman kai, ta zagaya ƙarƙashin wuyan keke, wato ƙarfen da ke riƙe da kan a tsakiya, ta dawo, ko jakar ta so yin ƙasa wuyan ya tare ta. Tsohon mariƙin kamfanin Ortlieb mai yin jakunkunan keke kuwa wayar ce ma gaba ɗaya ke riƙe shi, kuma da zarar noti ya cije ta sau ɗaya ta tauye, da wuya ta sake moruwa. Saboda haka ka gama duk gwaje-gwajenka kafin ka matse. Ka kuma ɗan ɗaga bakin jakar sama kaɗan, don in kaya ya shiga sai ta zauna daidai.

Kuskurenka na biyu, ba ka auna kaurin kan ba. Na tsofaffin kekuna milimita 25.4 ne ko 26 a tsakiya, na zamani galibi 31.8. Mariƙin da ke hannunka na mai kauri ne, kai kuma ka cike gurbin da tsohon tiyub har ninki huɗu. Ninki ɗaya don kare fenti ba laifi. Huɗu kuwa katifa ka yi masa, lotsawa zai yi ta yi.

Yanzu murɗa kan zuwa hagu har ƙarshe. Ka ga yadda bayan jakar ya danne wayar birki ta lanƙwashe? A haka mutum zai kama birki ya saki, birkin ya ƙi komawa. In keken na da tsofaffin hannayen birki da giya na kamfanin Shimano ɗin nan da wayar giya ke fitowa ta gefe, ya fi muni, don wayoyin daidai mazaunin jaka suke ratsawa. Ko dai a sa doguwar waya ta zagaye, ko a nemi ƙaramar jaka. Ka bar tazarar yatsu uku tsakanin gindinta da taya, ka bar wurin da mai keke zai kama saman kai ba tare da yatsunsa sun matse ba. Fitila kuma, in tana kan kai, jakar ta rufe ta ke nan. Sauko da ita saman ƙafafun gaba, inda ake ɗaura madigadi.

Batun zaɓi, kowa ya zo babba yake so, ni kuwa ina hana su. Duk abin da ka rataya a nan yana sama ne, kuma yana gaban inda kan ke juyawa, shi ya sa keke ke yin nauyin kai, ya riƙa rawa a gangara, in ka tsaya kuma kan ya kife gefe da kansa. Ortlieb sun rubuta kilo 5 a kan jakarsu ta Ultimate, amma wannan iyakar abin da mariƙi zai jure ne. Ni ba na son ya wuce kilo biyu. Mai cin lita 6 ko 7 ta wadatar: waya, kuɗi, takardu, dabino, tocila. Sifana da jarkar ruwa su koma baya, can ƙasa. Wanda ya nace sai ya ɗauki nauyi a gaba, to ya yi irin na mahaya Faransa na da, ya sa ƙaramar kariya a saman taya jakar ta zauna a kai, kan keke ya zama tallafi kawai.

Ka duba cewa ruwa ba ya shiga, murfin na buɗuwa da hannu ɗaya, kuma tana cirewa da danna maɓalli, don in ya tsaya sallah ko cin abinci ya rataya abarsa a kafaɗa.

Ɗauko alanki ka sake ɗaurawa. In ka gama, jefa gorar ruwa biyu a ciki, ka bi ta layin bayan kasuwa mai ramukan nan ka dawo, mu auna yatsu ukun.