Amsa ga ƙanin da ke son zuwa aikin sola a Gana

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya same ni a Aboabo, nan Kumasi. Ka ce ka gama difloma a fannin lantarki, wata ƙungiya mai girka sola a karkara ta yi maka tayin aikin sa kai na wata shida a Gana, kana tambaya ko ka zo, kuma ko akwai samu a ciki.

Ta kuɗin zan fara, don na san ita ce a ranka. Babu albashi. Iyakarta makwanci da ɗan alawus na abinci da mota, wanda ba zai kai ka aika wa Hajiya komai ba. Ka sa su rubuta maka batun makwancin a takarda, domin masu gida a nan hayar shekara guda ko biyu suke nema a dunƙule. In kuwa suka ce sai ka turo kuɗin rajista tukuna, ka rabu da su. Wannan tsari na Turawan da ke zuwa hutu ne, kai kuwa hannunka za ka kawo.

Kada ka ɗauka a Kumasi za ka zauna. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar nan suna da wuta, an kuma kai ga haka ne sannu a hankali, tun daga madatsar ruwa ta Akosombo ta 1965 har ta Bui da aka buɗe a 2013. Waɗanda aka bari a duhu su ne ƙauyukan arewa da tsibiran da ke cikin tafkin Volta, wato mutanen da ke kwana a kan ruwan da ke haska Akara. Ofis yana birni, aiki kuwa sai ka wuce Techiman da Kintampo, wani wurin ma sai da kwalekwale.

Ga abin da nake so ka riƙe. Ɗora farantin sola a rufi ba wuya, yaro mai kai zai iya cikin mako biyu. Wuyar tana bayan an ɗauki hoto an watse. Na taɓa zuwa wani ƙaramin asibitin ƙauye inda aka girka sola shekara uku kafin nan. Farantan lafiya lau, sai dai ƙurar hunturu ta yi musu bargo, batura sun mutu murus saboda duk garin a nan suke cajin waya, firjin allurar rigakafi kuma ya zama ma'ajin takardu. Ba wanda aka koya wa ko da goge faranti, ba kuma wanda ya san inda kuɗin sabon batir zai fito. Saboda haka ka tambaye su kai tsaye: in batir ya mutu bayan kun tafi, wa zai saya? In sun ce akwai kwamitin gari da ke tara kuɗi duk wata, akwai kuma ɗan garin da za ku horar, to ƙungiya ce ta gaske. In suka shiga kame-kame, za ka koyi ɗaure noti ne kawai.

Hausarka za ta yi maka rana a kowane Zango, wato unguwar da Hausawa da sauran baƙi suka fi zama, ko da yake za su yi dariyar taka, kai ma ka yi ta tasu, don nan mace ma "ya zo" ake ce mata. Amma a kasuwar Kejetia sai da ɗan yaren Tuwi, a Tamale kuma Dagbanci. Abinci ba damuwa, waakye ɗin da suke alfahari da shi wake da shinkafarmu ne, ga koko da ƙosai da safe.

Takardu fa. Fasfon ECOWAS kwana 90 yake ba ka, wata shida ya zarce haka, don haka ƙungiyar ce za ta tsaya maka a hukumar shige da fice tun kafin wa'adin ya cika. Katin allurar shawara ya kasance a aljihunka kafin ka iso Aflao, kan iyakar Gana da Togo. In kana tunanin zama bayan an gama, kasuwar inbata tana tafiya tun dumsor, ɗauke wutar da ta gallabi mutane a 2015, amma aikin wayarin sai da shaidar Hukumar Makamashi ta ƙasar.

Ni dai ina ganin ka zo, muddin sun amsa tambayar batir ɗin nan. Ka taho da mitarka ta gwaji da takalmi mai ƙwari. Turo mini takardar tayin in duba kafin ka yanki tikiti, ka kuma gaishe da Hajiya.