Laulayi ya hana ni shiga kicin, yarana na zama da yunwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum likita, don Allah a taimaka min. Ina da ciki sati 9, na huɗu kenan, amma laulayin wannan karon ya sha bamban da na baya. Da na ji ƙamshin albasa a cikin mai sai amai, tukunya ma in na buɗe sai amai, wani lokacin ko ruwa ba ya zama. Yarana uku, babbar shekararta 8, babansu tun safe yake fita sai dare, kwana biyun nan burodi da shayi kawai nake iya ba su, wallahi in na kalle su har kuka nake yi. Na rame, rigunana sun fara yi min yawa. Na daina shan ƙwayar ƙarin jini da aka ba ni a awo don ƙara min take yi. Uwar mijina ta ce in daure, haka kowace mace take yi, kuma mai ciki ba ta shan magani. Maƙwabciyata kuma ta ce akwai wani mai kemis da zai zo har gida ya sa min ruwa leda biyu in warware. Ya zan yi da abincin yaran nan? Kuma abin da ke cikina ba zai cutu ba tunda ba na ci?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah ya ba ki lafiya ya raba lafiya. Ki share hawayenki, burodi da shayi na kwana biyu ba ya yi wa yaro mai lafiya komai, ke ce abar damuwata a wannan tambayar, ba su ba.

Amma bari in fara da kicin ɗin tunda shi ya fi tsaya miki a rai. Abin da ke tayar miki da zuciya turiri ne da ƙamshin mai, abinci mai zafi ya fi mai sanyi fitar da wari, shi ya sa buɗe tukunya kaɗai ya ishe ki. To ki ajiye suya gaba ɗaya na 'yan makonnin nan. Ki koma dafaffe, wanda za ki ɗora ki rufe ki fita daga wurin, shinkafa, taliya, dankali, wake, dafaffen ƙwai. Yaro da ya ci dafaffen ƙwai da dankali da ayaba ya sha madara ya ci abinci, babu wanda zai ce miki bai ci ba. Ki lura da jikinki, kusan kowace mai laulayi tana da wata awa ɗaya ko biyu a yini da take ɗan jin dama, wata da hantsi wata da daddare, to a wannan lokacin za ki yi girkin yini gaba ɗaya, kada ki jira sai yara sun fara kukan yunwa sannan ki tilasta wa kanki. Albasa da tafarnuwa wani ya yanka miki. Miya mai buƙatar suya a yi ta da yawa ranar da maigidan yake gida ko wata 'yar uwa ta zo, a raba ta a ƙananan robobi a sa a firiza. Ki buɗe taga, kada ki shiga kicin da cikinki a wofi, ki ɗan ci busasshen biskit ko burodi tukuna, don yunwa ita kanta tana ƙara tashin zuciya. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai in za ki riƙa girki da yawa kina ajiyewa, dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje ba a sa shi a firij ba, musamman shinkafa, kuma in za a ɗumama a ɗumama shi ya yi zafi sosai har ciki, mai ciki ba ta da ƙarfin da za ta haɗa laulayi da gudawa. 'Yarki mai shekara 8 za ta iya ɓare ƙwai ta zuba wa ƙannenta abinci ta kwashe kwanuka, amma wuta da tafasasshen ruwa ba nata ba ne.

Ke kuma ki daina lissafin sau uku a rana. Loma biyu uku duk bayan awa biyu, abin da ranki ya karɓa ko da kala ɗaya ne kullum. Ruwa kurɓa-kurɓa, mai sanyi, tsakanin cin abinci, kada ki haɗa shi da abincin lokaci ɗaya. Citta na taimaka wa mata da yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta tare da bitamin B6 cikin shawarwarinta na kula da masu ciki na 2016. In kin yi amai ki kurkure baki da ruwa, ki ɗan jinkirta goge haƙori don tsamin ciki yana tausasa su. Ƙwayar ƙarin jini kuwa gaskiyarki, sinadarin ayon, wato ƙarfen da ke cikinta, yana tayar wa wasu zuciya, amma ki faɗa musu a awo su ba ki folik asid shi kaɗai, wannan ƙaramar ƙwayar ita ce ba ma so ki bari a watanni ukun farko. Shi kuma ɗan tayin a sati 9 bai wuce girman ɗan inabi ba, abin da yake buƙata kaɗan ne kuma daga jikinki yake ɗiba, laulayi na yau da kullum ba ya cutar da shi.

To amma naki ban yarda na yau da kullum ba ne, kuma nan ne zan daɗe, ki yi haƙuri da ni.

Kin ce kin rame, kin ce ruwa ba ya zama. Waɗannan kalmomi biyu in na ji su daga bakin mai ciki ba na sake maganar biskit sai na auna ta. Mata 7 zuwa 8 cikin 10 suna tashin zuciya da ciki, ya fi tsanani wajen sati na 9, yawanci ya lafa kafin sati na 20. Amma akwai kaso kaɗan, 1 zuwa 3 cikin 100, da nasu ciwo ne sosai mai suna, muna ce masa haifaremesis, aman da ke ƙarar da ruwan jiki da gishirin jini ya zabge nauyi. In mace ta rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinta, wato mai kilo 60 ta sauka da kilo 3, ta wuce wurin da za a ce mata ta daure. Kuma ba raki ba ne, ba son jiki ba ne, a ƙarshen 2023 masu bincike suka fitar da sakamako a mujallar Nature da ya nuna wani sinadari mai suna GDF15 da mabiyiya ke zubawa cikin jinin uwa shi ne babban abin da ke taɓa wurin amai a ƙwaƙwalwa, kuma jikin wata ya fi na wata jin sa. Matar Yarima William na Ingila sai da aka kwantar da ita a asibiti a 2012 saboda wannan ciwon. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an ce wa mace "mu ma mun haihu ba mu yi haka ba". Cikinki ba cikinsu ba ne, ke kanki kin ga wannan bai yi kama da ukun da kika yi a baya ba.

Maganar mai ciki ba ta shan magani, ba na zargin surukarki, na san daga ƙauna ta faɗa, kuma tsoron yana da asali. Daga 1957 zuwa 1961 an sayar wa mata wani magani mai suna talidomaid don barci da tashin zuciya, aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa, duniya ta girgiza, tun daga nan aka tsaurara gwajin magani. Amma fa an wuce shekara 60. Yau muna da magungunan amai da aka bi diddigin mata masu ɗimbin yawa da suka sha su da ciki, irin su bitamin B6 haɗe da doksilamin, da furometazin, da wasu da muke hawa mataki-mataki in na farko bai yi ba. Ma'anar maganar ita ce kada ki saya wa kanki, ba wai likita ba zai rubuta miki ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne macen da aka hana ƙwayar da aka gwada, ita ce za a miƙa wa jiƙo a gora wanda babu wanda ya san me ke ciki ko nawa ne ma'auninsa, a ce ai wannan na itace ne ba ya illa. Wa ya gwada shi a kan mai ciki? Ina ganin su a ɗakin duba marasa lafiya kusan kullum, sati uku tana daurewa, sai an kawo ta a riƙe, leɓe a bushe, ido ya faɗa, fitsari kamar baƙin shayi, abin da da ta zo tun farko ƙwaya ce za ta wadatar yanzu sai kwanciya.

Sai mai kemis ɗin da zai sa miki ruwa a gida. Don girman Allah kada ki bari. Mutane sun ɗauka ƙarin ruwa duk ɗaya ne, leda ce a rataye a jikin ƙusa a jona a hannu shi kenan. Jikin mutum ba ya ajiye bitamin B1 fiye da na sati biyu zuwa uku, macen da ta daɗe tana amai ba ta ci nata ya kusa ƙarewa, kuma jiki da wannan bitamin ɗin yake sarrafa suga. In aka ɗura mata ruwa mai suga, wanda shi ne irin waɗannan mutanen suka fi so su sa don wai ya ba ta ƙarfi, ɗan ragowar B1 ɗin sai ya ƙone, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Ciwo ne sananne da ake kira da sunan wani likitan Jamus, Wernicke, mace ta rikice, ido ya riƙa rawa ko ta ga abu bibbiyu, tafiya ta gagara, wata ba ta komawa daidai har abada, wata cikin ya zube, wata ta rasa ranta. Sai kuma a ce aljanu ne suka shafe ta, a ɗauke ta a tafi wani wurin daban ana ƙara ɓata lokaci. Mu a asibiti kafin mu rataya leda muna duba fitsari, mu auna gishirin jini musamman fotasiyam wanda in ya yi ƙasa ko aka ƙara shi barkatai zuciya na iya tsayawa, mu sa ruwan gishiri, mu ba da B1, mu yi hoton ciki mu gani ko tagwaye ne ko kuma irin cikin nan da mahaifa ke cika da ƙulle-ƙulle kamar inabi babu jariri, mu duba ko ciwon mafitsara ko zazzaɓin cizon sauro ne ya ɓuya a bayan aman. Wanne daga ciki mai zuwa gida da leda biyu a jaka zai yi? Kuɗinsa zai karɓa ya tafi, in abu ya lalace wayarsa a kashe.

Don haka ga abin da nake so ki yi, gobe ki je asibiti, kada ki jira ranar awonki, kuma in wani a bakin ƙofa ya ce miki yau ba ranar masu ciki ba ce ki ce masa ruwa ba ya zama a cikinki, ki wuce sashen gaggawa, wannan kora da ake yi wa mata saboda ranar kati ni kaina na gaji da faɗa a kanta. In kuwa kin yi awa 24 babu abin da ya zauna, ko awa 8 ba ki yi fitsari ba, ko jiri na ɗibarki in kin miƙe, ko kin ga jini a amai, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki, ko jini ta ƙasa, to a daren nan za ki tafi.

Kuma ki miƙa wa maigidan wayar ya karanta wannan da kansa. Malam, cikin nan na ku biyu ne, yaran nan ukun ma naka ne. Matarka ba ta ƙi girki ba, ba ta da lafiya ne, kuma Allah zai tambaye ka a kan amanar da ke gidanka. Fita tun safe don nema musu abinci ibada ce, amma abincin da aka kawo babu mai ƙarfin dafa shi bai kai cikin yaro ba tukuna. Ka tashi da wuri da minti talatin ka dafa ƙwai ka ɗora shinkafa kafin ka fita, ko ka nemo wadda za ta zauna da ita na wata ɗaya, ko ka riƙa tahowa da dafaffe. Ka zauna da mahaifiyarka cikin ladabi ka gaya mata likita ne ya ce a kawo ta, daga bakinka za ta fi karɓa. Gobe da safe kai za ka kai ta, ku tafi da katin awonta da duk wani magani ko jiƙo da ta sha a makonnin nan don mu gani.