Wane kaset ne ke ɗauke da wace kwamfuta?

Ɗana, jiya ka tambaye ni: in an kwashi kaset-kaset an kai ma'ajiyar nesa, ta yaya za mu san wanda ke ɗauke da kwafin wace VM, wato ƙirƙirarrun kwamfutocin nan da ke zaune cikin babbar kwamfutar da ake kira saba? Har ka ce ko ka riƙa rubuta sunan kowace da biro a jikin kaset. Ajiye biron tukuna.

Kaset ɗin LTO-8 guda, wato zamani na takwas na kaset ɗin adana bayanan kwamfuta, yana cin tirabait 12 tun kafin a matse bayanai, LTO-9 kuwa 18. Ka ga VM da yawa kan kwanta cikin kaset ɗaya, babba kuma takan fara a wannan ta ƙare a na gaba. Ga cikakken kwafi na ƙarshen mako, ga ƙananan na kullum masu ɗauke da abin da ya canza kawai, ba sa tsayuwa sai da babban. Saboda haka in aka ce a dawo da kwamfuta kaza, rukuni za ka nema, gaba ɗayansa.

Na taɓa ƙonewa a nan. A wani wuri da na yi aiki, na aika a kawo min kaset biyu, na zauna ina jira rabin yini. Da aka fara maido da bayanan sai manhajar da ke yin kwafin ta nemi na uku. Ashe wa'adinsa a takarda ya riga na 'yan'uwansa cika, wani ya mayar da shi cikin waɗanda ake sake rubutu a kai. Biyun nan na hannuna, lafiyarsu ƙalau, amma ba su tsinana min komai ba. Tun ranar nake fitar da rukuni tare, in dawo da shi tare.

Sunan kaset shi ne lambar da ke manne a goshinsa, mai harafi takwas: shida namu ne, biyun ƙarshe, L8 ko L9, su ke faɗin zamaninsa. Da ita manhajar ke gane shi, kundinta kuma ke cewa lamba kaza na ɗauke da VM kaza ta rana kaza. Kar ka ɓare ta, kar ka bari kaset biyu su yi tarayya a lamba ɗaya.

To amma wannan kundin a ina yake? A ɗakin da muke tsoron gobara ta cinye. Nan ne hankalina ba ya kwanciya. Duk ranar fita, ka buga jerin abin da ke cikin kowane kaset, kwafi ɗaya cikin akwatin, ɗaya a wani wurin daban, shi kansa kundin a yi masa kwafi ya fita. In babu shi, sai an bi kaset ɗaya bayan ɗaya ana dubawa, karanta cikakken LTO-8 daga farko zuwa ƙarshe kuwa yana cin kusan sa'a tara. Mabuɗin da aka kulle bayanan da shi ne kaɗai ba zai shiga akwatin ba, a ba shi tasa ma'ajiyar.

A rajistarka: lambar kaset, rukuninsa, ranar fita, lambar akwati, wanda ya karɓa ya sa hannu, ranar dawowa. Ka rubuta kafin akwatin ya bar hannunka, kada ka ce sai anjima. Ka ja ɗan makullin hana rubutu da ke jikin kowanne.

Ka kuma sa ido kan tsofaffi. Injin LTO-8 iyakarsa karanta L7 da L8, wani L6 da ke ma'ajiya sai an nemo masa tsohon inji.

Gobe ka zaɓi VM ɗaya ta watan jiya, ka rufe manhajar, ka fito min da lambobin kaset ɗinta daga takarda kaɗai. Sai mu aika a kawo su, mu tayar da ita mu gani.